Ranar da Madam Rakiya Ta Shuri Ƙafar Nibona

Kun zo mini da ƙara, na kuma ji. Wato ku topo kuka zo koya a jami'ar nan, awon ƙasa, ba tarihi da adabi da falsafa ba. An cika muku mako da darussan surutu, kuna so ni Baba Illa in shige muku gaba zuwa wurin shugaban sashe a cire su, tunda kun ji an ce ban taɓa zama ajin tarihi ba, ga shi kuma na tsufa ina cin tuwo da nibo, na'urar auna tudu da kwari. Ɗayanku har cewa ya yi aikin namu yanzu latsa jepe'es ne kawai, na'urar nan mai awo da tauraron ɗan adam, wata shida ya isa a koye shi. Madalla. Ku gyara zama. Mai magana ya matso ta dama, don kunnen hagu tun ina saurayi na bar shi a wurin fasa dutse. An ce kowa ya ja da baya za a tashi nakiya, ni na matsa gaba in ga yadda take tashi.

Aikina na fari da laima na yi shi, a kan wani tudu na Keita, lokacin da ake ta faman raya fako. Maigidana wani tsoho ne mutumin Togo, ana ce masa Mushe Kwami, wato Malam Kwami da Faransanci. Ranar da ya ɗauke ni ya miƙo mini laima, na ce a raina kai, wannan bawan Allah akwai tausayi. Na buɗe ta na rufe kaina. Ya dube ni, ya dubi nibo da ke tsaye cikin rana bisa ƙafafunsa uku, ya ce da guntuwar Hausarsa: "Laima na nibo. Irin kai akwai da yawa a ƙauye." Ashe ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake, awo ya yi ƙarya. Haka na yi rani guda ina yi wa ƙarfe inuwa, ni ina soyuwa.

Daga laima aka ɗaga ni zuwa mir, doguwar sandar nan mai lambobi ja da baƙi. Ka tsaya da ita cak, ko ƙuda ya shiga hancinka ba ka motsi. Daga nan jan dekametir, igiyar awo, cikin ƙarangiya, sai kafa turaku a fako mai maido da guduma goshin mutum. Sai da gemu ya fara fito mini Mushe Kwami ya bar ni na sa ido a nibo. Na leƙa, na ja da baya ina salati, na ce mai riƙe da mir ya kife da kai! Tsofaffin nibo haka suke nuna duniya, ƙafa sama kai ƙasa. Mushe ya yi dariya har da hawaye, ya kuma yi ta ba direbobi labarin har ya koma ƙasarsu.

Doka ɗaya ya dasa mini wadda ba ta fita. A jikin nibo akwai ƴar kumfa cikin gilashi. Sai ka yi ta murza sukurori, ka lallaɓa ta, har ta zauna tsakiya. In ta zauna, ba mai taɓa ƙafar nibo. Ko gefen riga ne ya goge ta, duk abin da ka auna daga wannan mazaunin ya zama shirme, sai an sake. Kuma ba wasa ba ne, domin layin da muka fitar shi mata za su bi su jera duwatsu don tare ruwa. In layin ya karkace, ruwan sama ya taru wuri ɗaya ya fasa jeren, wahalar mata ta rani guda ta bi kwari. Na taɓa korar wani mer, magajin gari guda, daga kusa da nibona a gaban mutanensa, don ya jingina da shi zai ɗauki hoto.

Masu kiran mu aiki kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su. Masu albasa na Galma suna so ruwa ya hau tudu don can gonarsu take. Magada suna so a raba gona uku kowa ya sami rabi. Wanda awo ya ba gaskiya ya ce ka cika nawa, wanda bai ba ba ya ce nibonka na da aljani.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce ta farin nan da ya kwashe maza daga ƙauyuka. Aka ba ni awon wata fadama a bayan Galma, na je na iske daga tsofaffi sai mata da awaki, duk mai ƙarfi ya tafi cirani. Babu mai riƙe mini mir. Na ɗaure ta a turke, iska ta kayar. Na ɗaure ta a jikin jaki, jaki ya hango kara ya tafi da awona. Ƙarshe uwargidana Habsu ce ta ci ɗamara ta riƙe mini, ina daga nesa ina daka mata tsawa, hagu, dama, miƙe ta, kamar yadda aka yi mini. Da rana ni ke tsawa, in mun koma gida ita ke yi. Har yau in gardama ta haɗa mu sai ta ce ita ma topograf ce, kuma ta fi ni tsayuwa daidai.

To, da jami'a ta kira ni in riƙa fita daji da ɗalibai, sai da na ɗinka sabuwar riga. Illa mai laima ya zama malamin jami'a! Ina cikin hura hanci aka ce akwai sharaɗi: kowace fita tare da malamin tarihi za a yi, wai don ɗalibi ya san mutanen da yake auna wa ƙasa. Aka haɗa ni da Madam Rakiya, ƴar Madawa, sa'ar ɗiyata ta fari. Ni na cika bayan mota da nibo da mir da jepe'es da guduma, ita ta zo da ƴar rikoda da ƙunshin goro. A bayan idonta na laƙaba mata Madam Labari. Abin da kuke faɗa yau, wallahi na riga ku faɗa, kuma na fi ku iya faɗarsa.

Fitarmu ta fari wani ƙauye ne a bayan Babankatami. Tudun garin ya daɗe a mace, sai da aka jera duwatsu aka haƙa tassa, ƴan ramukan tare ruwa, sannan gero ya dawo. Da ƙasa ta farfaɗo, komin, wato ƙaramar hukuma, ta ce a auna kowace gona a rubuta sunan mai ita kafin ruwa ya sauka. Wannan sabon aiki ne gare ni, don ni layin ruwa na saba nema, ba sunayen mutane ba. Amma na san abu ɗaya: sunan da ya shiga takarda aka buga masa hatimi, fitar da shi sai shari'a.

Muka isa wata gona a tsakiyar tudu, mai tassa jere kamar an zana. Na kafa nibo, na zaunar da kumfa, ɗalibai sun kewaye ni ina ta yi musu bayani da Faransancina na kan hanya. Mutanen gari sun taru. Mai noman gonar wani tsoho ne siriri, Anaruwa, hannunsa duk kanta. A gefe kuma, bisa tabarma, wani dogo ne zaune da rawani ya rufe baki, ana ce masa Gumar, wai jiya ya iso daga Madawa. Na lura bai kai Anaruwa shekaru ba amma da sunansa yake kiransa gatsau, Anaruwa kuwa ba ya ɗaga ido ya dube shi. Na lura, sai dai ban ga abin da ya shafi awona ba.

Na zaro biro na ce, "Baba, gonar ga ta wa ta?"

Anaruwa ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ta maigida ta."

"Wane maigida?"

Ya nuna tabarma da haɓa. Wata tsohuwa a bayan taro ta dafe kai. Ni kuwa na ce wa ɗalibai kun gani, aiki in an iya shi ba ya cin lokaci, na tambayi Gumar sunan mahaifinsa zan rubuta.

Sai na ji kwaram. Madam Rakiya ce ta taho kamar za ta wuce, ta sa ƙafa ta shuri ƙafar nibona. Ba goga ba, shuri. Nibo ya yi tangal-tangal, na jefar da biro na rungume shi kamar jariri.

"Wayyo, Baba Illa, ka gafarce ni, ban gani ba," in ji ta. Ba ta gani ba! Abu mai ƙafa uku fentin rawaya a fili fetal!

Abin da bakina ya faɗa ba na aji ba ne. Na ce aikin yau ya lalace, sai gobe, kowa ya watse. Na kwashe kayana ina huci na koma gindin wata bagaruwa, na ce yau ko ni ko Madam Labari a jami'ar nan. Ta bar ni na gama tafasa, sannan ta zo ta tsuguna.

"Baba Illa, ka san wanda ka tambaya, ka kuma san a gaban wa ka tambaye shi?"

"Na tambayi manomi ya ba ni amsa. Ni na sa masa magana a baki?"

"Kakannin mutanen garin nan a ƙarƙashin makiyayan arewa suka zauna. Kakan Anaruwa baran gidan kakan Gumar ne. Wannan zamani ya wuce, amma bakin tsoho bai san ya wuce ba. Ba zai iya cewa tawa ba, maigidansa na zaune. Ko rigar wuyansa ka tambaya, ta maigida zai ce. Girmamawa ce, Baba, ba shaida ba ce. Duk wanda ke wurin ya san haka, kai da bironka ne kaɗai ba ku sani ba. Da ka rubuta, da ya rasa gonar, kuma mutum irinsa ba zai taɓa kai Gumar shari'a ba."

Ni ɗan Adar ne gaba da baya, amma garinmu tsohon garin manoma ne, ba mu san irin wannan zama ba. Na san tsayin kowane tudu tsakanin Buza da Keita, ban san wannan ba. Duk da haka ban yarda na faɗi ƙasa warwas ba.

Na ce, "To me ya hana ki faɗa da baki, sai shuri?"

"In faɗa a gaban jama'a in kunyata Gumar? In ya ji kunya kafewa zai yi ya ce tasa ce. Nibo ba ya jin kunya."

"Ni fa?"

"Kai ai ka saba," in ji ta, ta miƙo mini goro.

Da la'asar ta shige cikin mata wurin daka, ina jiyo dariyarsu, na kuma tabbata da ni ake. Da ta fito ta ja ni muka tafi masaukin Gumar gaisuwa. Ta gaishe shi da sunan ubansa da na kakansa da rijiyar da suke shayarwa a arewa, abubuwan da ni ban san inda ta samo su ba. Ya dafa mana shayi. Ta ce tana roƙon gobe ya ba ɗalibanta tarihin tudun nan. Ya daɗe yana juya shayi daga kofi zuwa kofi.

"Madam, na san inda kika nuhwa da ni," in ji shi. "Ni ba yaro na ba. Raƙuman ubana hwari ya cinye su, ko akuya ban da. Ina gadin albasar wani a Madawa. Na ji ana raba takardun ƙasa, na ce in zo in ga ko da abin da ya rage mini. Anaruwa ya ce tawa ta, gaban kowa. Ban tilasta shi ba."

"Ba ka tilasta shi ba, Baba Gumar. Ni ma ban zo in tilasta ka ba. Matan garin nan sun ce kakanka ya yi wata magana a kan tudun nan, kuma a cikin zuriyarsa kai kaɗai ka rage da ya san ta. In ka faɗa, yaran nan za su ji. In ba ka faɗa ba, da kai za ta tafi."

Gumar ya ci gaba da juya shayinsa. Na tausaya masa ƙwarai, don gona guda a hannun mai gadin albasa ba ƙaramin abu ba ne. Muka fito ban san abin da gobe za ta haifar ba, na ce mata da ni ne shi, rubuta sunana zan sa a yi. Ta ce shi ya sa ba ni ta roƙa ba.

Da hantsi gari ya sake taruwa. Gumar ya zo, amma bai zauna bisa tabarma ba. Ya tsaya ya dubi ɗalibai, ya ce wata shekara rijiya ta rufta da wani yaro a nan ƙasan tudu. Maza suka tsaya baki suna salati. Kakan Anaruwa ne ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya tono yaron da hannu ya fito da shi da rai.

"Yaron nan shi na ubana," in ji Gumar. "Da damina ta sauka, kakana ya kawo kakan Anaruwa bisa tudun ga, ana ruwa. Ya ce duba inda ruwa ka rabuwa. Duk wanda ya gangara gabas, ƙasar da ya taka taka ta da ɗiyanka. Wanda ya gangara yamma, na bisashena na. Haka aka gaya mini, haka na gaya muku."

Ya ja rawani ya rufe baki. Tsohuwar nan ta jiya ta fashe da kuka.

Sai wani ya ce to, ina ruwan ke rabuwa? Kowa ya dubi tudu. Shimfiɗe yake kamar faifai, ga rani, ko ɗigon ruwa babu. Wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can, gardama ta fara tashi, har wasu na cewa gonar Anaruwa rabinta a yamma take. Na ga fuskar tsoho ta sake faɗuwa. Madam Rakiya ta juyo ta ce da ƙarfi, kowa na ji, "A nan nawa ilimin ya ƙare. Baba Illa, sai kai."

Kai, ranar na kumbura! Na kafa nibo, na zaunar da kumfa, na ce Madam ta koma can gindin bagaruwa, in ta matso zan kira jandarma. Na ce wa zai riƙe mir? Ɗalibai suka yunƙuro, sai Gumar ya miƙa hannu.

"Ba ni sandar. Iyakar kakana ta, ni za ni taka ta."

Haka na wuni ina daka wa jikan masu raƙuma tsawa. Hagu! Dama! Miƙe ta, malam, ba mashi ba ne! Ban faɗa wa Habsu ba, amma ya fi ta tsayuwa. Aikin ya ci ido, don a wasu wuraren bambancin tsayin bai kai kaurin yatsa ba. Mu auna nan, mu auna can, mu nemo ƙololuwar da ido ba ya gani, ɗalibai na bi da turaku. Layin ya fito a karkace kamar sawun maciji. Gonar Anaruwa duk ta faɗa gabas, har da wani gefe da bai taɓa nomawa ba don tsoro. Yamma kuma ta fi yadda ake zato faɗi, ciyawa ta fara dawowa cikinta saboda jeren duwatsu, kuma ba mai gardamar ta Gumar ce. Da ba labarin Madam, ban san abin da zan nema ba. Da ba nibona, labarinta da faɗa zai ƙare.

Da aka kafa turken ƙarshe, Madam ta yi mini alama da ido in sake tambaya. Na zaro biro. Anaruwa na tsaye dab da ni.

"Baba, gonar ga ta wa ta?"

Ya dubi ƙasa. Ya saci kallon Gumar. Gumar ya juya baya yana duban yamma, mir na hannunsa, ya ce, "Kai aka tambaya, Anaruwa."

Leɓen tsoho ya yi ta motsi kafin magana ta fito, ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron tada barci.

"Tawa ta."

Ta dama yake tsaye, na ji shi sarai. Amma na kai hannu kunne, na ɓata fuska na ce, "Mi ka ce? Ɗaga murya, Baba, kunnen ga nakiya ta cinye shi."

Ya ɗaga kai. Karon farko ke nan da na ga idonsa.

"Tawa ta!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Ina rubuta sunansa ina jin shi yana maimaitawa shi kaɗai, ba wanda ya tambaye shi, ya dafa kan turke da tafin hannu. Na yi ta goge gilashin nibo da bakin riga, wai ƙura ce ta hana ni gani.

Gobe da safe Madam Rakiya na da aji, ni ma ina zuwa, a layin gaba nake zama don in ji da kyau. Ƙarar da kuka kawo kuwa, ƴaƴana, ku yi haƙuri, ta kunnen hagu ta shigo.